Dogon lensi a hannu: me ya sa hotunan tsuntsaye da furanni suke fito mini dishi-dishi?

Ɗan Jarwal, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina yi muku fatan alheri. Na zo da wata matsala da ta ishe ni, kuma ina so in ji ta bakin waɗanda suka riga ni riƙe kyamara kafin in sake zuba kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba.

Wata biyar ke nan da na sayi Nikon D5600 ta hannu a wurin wani bawan Allah da zai koma gida, tare da lensi biyu, ƙaramin nan 18-55 da kuma dogon, 70-300. Ƙaramin bai taɓa ba ni matsala ba, domin hotunan yara da na walima suna fita tar. Dogon ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. Ranar Asabar da ta wuce na hau dutsen Hada tun da duhu, saboda lokacin tsinkar wardin Ɗa'ifa ne, kuma wani abokin aikina ya nema mini izini wurin mai wata gona. Masu tsinka suna farawa da sassafe, tun kafin zafin rana ya kwashe ƙamshin furen, don haka ƙarfe shida da 'yan mintoci ina tsaye a tsakiyar gonar. Akwai alhudahuda guda biyu suna kiwo a gefen kwalbatin ban ruwa, akwai ƙaramin tsuntsun nan mai waƙa da ake kira bulbul, akwai kuma ɗan mitsitsin tsuntsun nan mai lanƙwasasshen baki da ke shan ruwan fure, wanda Larabawa ke kira tumair. Na ɗauki hoto ya fi 300. A bayan kyamara duk sun yi mini kyau, har ina nuna wa mai gonar yana cewa masha Allah. Da na dawo gida na zuba su a kwamfuta na buɗe su sosai, sai jikina ya yi sanyi, domin waɗanda zan iya nuna wa mutum ba su kai goma ba. Gashin tsuntsu ya zama kamar an shafa shi da yatsa, furen kuma kamar ana leƙensa ta gilashin da ya yi gumi.

Ga yadda na saita kyamarar. Tana kan A, inda nake zaɓar ƙofar haske ita kuma ta zaɓi saurin ɗauka, ƙofar a buɗe iyakarta, wato f/6.3 idan na ja lensin zuwa iyakar tsawonsa, milimita 300. ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take jin haske, na kulle shi a 200, domin an gaya mini cewa ɗaga shi yana sa hoto ya yi tsaki-tsaki. Saitin fokas kuwa na bar wa kyamara ta zaɓa da kanta. Da na duba bayanan hotunan, saurin shota, wato ɗan lokacin da kyamara take buɗewa haske ya shiga, yana tsakanin 1/60 da 1/125 na daƙiƙa a yawancin na safiyar. Ban yi amfani da sanda mai ƙafa uku ba, domin ba ni da ita, kuma ban ga yadda mutum zai bi tsuntsu da ita a cikin gonar mutane ba.

Wani ya ce mini lensin ne na yara, in tara kuɗi in sayi Sigma 150-600. Kafin in yi haka nake tambaya: laifin lensin ne, ko na kyamarar, ko kuwa nawa ne? Allah Ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Baban Sumayya, Jidda

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka riƙe kuɗinka tukuna. Na yi shekaru masu yawa ina aikin hoto a shago tun zamanin fim, kuma abin da na koya shi ne hoton da ya lalace yakan faɗi abin da ya lalata shi, idan mai shi ya zauna ya dube shi da kyau. Ka buɗe hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, ka faɗaɗa su har iyaka, ka nemi wuri guda a cikin kowane hoto da ya fita tar. Idan babu ko ɗaya, tsuntsu da reshe da ganye duk sun ja gefe guda, ko kuma kana ganin gefen abu ya zama biyu, to hannunka ne ya motsa. Idan reshen ya fita garau amma kan tsuntsun ya baje, tsuntsun ne ya motsa. Idan kuwa ganyen da ke gabansa ko bangon da ke bayansa ne ya fita tar, to fokas ne ya sauka inda ba ka aike shi ba. Kowanne da maganinsa, kuma babu wanda sabon lensi yake warkarwa a cikinsu.

Daga lambobin da ka kawo, ko ban ga hoto ba na san mafi yawansu na farkon ne. Ka taɓa riƙe doguwar gora ta gindinta kana son ka taɓo mangwaro guda a saman bishiya? Wuyan hannunka zai ɗan karkata kaɗan, abin da ido ba zai gani ba, amma can kan gorar sai ya yi lilo kamu guda. Dogon lensi haka yake. A 300, faɗin abin da kyamararka take gani bai wuce digiri huɗu da rabi ba, kuma wannan ɗan faɗin ne aka raba wa ƙananan ɗigon da suke haɗa hoto, guda 6,000 daga hagu zuwa dama. Ke nan idan hannunka ya karkata da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri guda a lokacin da shota take buɗe, hoton ya goge da ɗigo goma sha uku ko fiye. Bugun zuciyarka kaɗai ya isa ya yi wannan.

Tsohuwar ƙa'idar da muka gada tun zamanin fim ita ce kada saurin shota ya gaza ɗaya bisa tsawon lensin. Amma sensar D5600, wato farantin da hoto yake sauka a kai a cikin kyamara, ƙarama ce, ana ninka tsawon da ɗaya da rabi, don haka 300 ɗinka daidai yake da 450, kuma mafi ƙarancin abin da za ka riƙe da hannu shi ne 1/500. Kai kuwa kana 1/60, wato ka gaza da mataki uku cur: 1/125, 1/250, 1/500. Wannan ma don tsayar da hannunka ne kawai. Tsuntsu ba ya jiran kowa. Alhudahuda da ke caccakar ƙasa yana bukatar 1/1000, tumair da ba ya minti guda a fure ɗaya ka ba shi 1/1600 ko 1/2000, wanda ya tashi sama kuwa kada ka sauko ƙasa da 1/2000. Kyamararka tana kaiwa 1/4000, saboda haka akwai sarari.

To daga ina hasken zai fito? A nan ne wanda ya ce ka kulle ISO a 200 ya cuce ka ba da niyya ba. Ƙofar lensinka ta riga ta buɗe iyakarta, shota kuma muna son ta yi sauri, abin da ya rage shi ne ISO. Lissafin ba shi da wuya, domin duk lokacin da ka ninka saurin shota sai ka ninka ISO. Hasken da ya ba ka 1/60 a ISO 200 zai ba ka 1/500 a ISO 1600, ya ba ka 1/1000 a ISO 3200. Gaskiya ne hoton zai yi ɗan tsaki-tsaki a 3200, musamman a wuraren inuwa, amma wannan ana rage shi a kwamfuta, kuma idan an buga hoton ko an tura shi a waya da wuya a lura. Gogewar motsi kuwa ba ta da magani. A zamaninmu fim mai 400 shi ne muke kira mai sauri, idan ka sa mai 1600 sai ka ga hoto kamar an watsa masa yashi. Ku yanzu an ba ku abin da muka yi mafarkinsa, kuna jin tsoron taɓa shi.

Ni yadda nake yi idan na fita kudancin kornish, wato bakin tekun Jidda, wurin tsuntsayen ruwa, nakan sa kyamara a M, in zaɓi shota da kaina, in zaɓi ƙofar haske da kaina, in bar ISO a kan na kai-tsaye da iyakar 3200 ko 6400. Kyamararka tana da wannan a cikin jerin saitin ɗauka. Da hantsi, idan rana ta fito sosai, za ka ga f/8 da 1/1600 ba su ci fiye da ISO 400 ba. Na ce f/8 da gangan, domin irin waɗannan lensuna sukan ɗan yi laushi a ƙarshen tsawonsu idan ƙofar tana buɗe duka, su ƙara kaifi idan an ɗan tsuke ta.

Sai riƙo. Tafin hannunka na hagu ya tallabi lensin daga ƙasa, can wajen gaba, kada ka kama shi ta sama kamar mai murɗa famfo. Gwiwoyin hannunka su manne da haƙarƙarinka, tagar leƙawa ta dafe girarka, domin goshi shi ne ƙafa ta uku. Kada ka miƙa hannu kana kallon allon baya kamar mai ɗauka da waya. Ka saki numfashi rabi, sannan ka matsa maɓallin a hankali, kada ka dangwale shi. Ka kuma sa kyamarar a ɗauka a jere, tana yin biyar a daƙiƙa guda, kuma sau da yawa na biyu ko na uku ne yake fita, saboda na farkon shi ke kwasar girgizar yatsa.

Game da Sigma ɗin, lensi ne mai kyau, amma nauyinsa ya kusa kilo biyu, naka kuwa bai kai rabin kilo ba. Wanda bai tsayar da 300 ba, 600 zai ninka masa wahalar ne kawai.

Maman Ridwan, Ɗa'ifa

Assalamu alaikum. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Duk abin da kuka faɗa a kan tsuntsaye haka yake, ba ni da abin ƙarawa. Amma ku yi mini izini in ce a wajen furanni ba a nan kaɗai gizo yake saƙa ba, domin ni na yi kakar wardi guda cur ina ɗauka a 1/1000, rana tsaka, hotunan kuma suna fitowa dishi-dishi, har na fara zargin idona.

Ƙanena, abin da ya kamata ka sani shi ne, idan ka ja lensi zuwa 300 ka kuma matso kusa da fure, wurin da yake fita tar yakan zama siriri ƙwarai. A tazarar mita biyu, da f/6.3, kaurinsa bai fi santimita ɗaya ba. Wardin Ɗa'ifa kuwa fure ne mai cika, ganyen furen a cunkushe suke, daga bakinsa zuwa cikinsa ya ninka haka. Saboda haka ko komai ya tafi daidai, gefen gaba zai fita, tsakiyar ta ɓace, ko tsakiyar ta fita gefen ya ɓace. Mutumin da ke tsaye kuma ba ya tsayuwa cak, yana ɗan yin gaba yana ɗan yin baya ba tare da ya sani ba. Ka matsa maɓalli rabi, kyamara ta kama fokas ta kulle, kafin ka ƙarasa matsawa jikinka ya yi baya da santimita biyu, shi ke nan furen ya fita daga saiti. Saurin shota ba ya gyara wannan ko kaɗan. Ka ƙara da iskar Hada da ta Shafa, wadda ba ta barin reshe ya huta, sai ka ga kai kana lilo, furen ma yana lilo.

Abin da ya fisshe ni abu ne mai sauƙi. Na daina tsayawa. Nakan durƙusa in ɗora gwiwar hannuna a kan gwiwar ƙafata, ko in jingina kafaɗa da katangar duwatsun da suke kewaye gonakin. Na kuma ja da baya. A mita biyar, da wannan f/6.3 ɗin, kaurin wurin da ke fita tar ya kusa santimita bakwai, kuma da yake kyamarar tana da ɗigo miliyan 24, ina iya yanke hoton daga baya furen ya cika shi. Idan dole sai na matso, nakan tsuke ƙofar zuwa f/8 ko f/11, amma ba na wuce nan, saboda daga f/16 zuwa sama hoton gaba ɗaya yakan sake yin laushi ta wata hanyar. Ka kuma kula da cewa lensinka ba ya kama fokas a ƙasa da mita ɗaya da 'yan kai. Idan ka wuce wannan iyakar, zai yi ta kai da kawowa a banza.

Sai maganar barin kyamara ta zaɓi wurin fokas da kanta, wadda nake ganin ita ce ta cinye maka hotunan bulbul. Kyamararka tana da ɗigon fokas 39, kuma idan ka sakar mata, takan fi son abin da ya fi kusa ko wanda ya fi fitowa fili. Tsuntsu yana cikin reshe, ganye yana gabansa, ita ba ta san wanda ka zo dominsa ba. Ka mayar da ita ɗigo guda, ka fi dogara da na tsakiya, domin tara na tsakiyar sun fi sauran kamawa idan haske ya yi ƙaranci, sannan ka ɗora shi a kan idon tsuntsun. Idan ido ya fita, mai kallo yakan yafe wa wutsiya. Ka kuma bar AF-A, inda kyamara take zaɓar salon fokas da kanta, ka koma AF-C, wanda yake ci gaba da bin abin muddin yatsanka yana kan maɓalli. Mutane suna ɗauka AF-C na abin da ke gudu ne kawai, amma ni har fure da shi nake ɗauka, tunda ni da furen babu wanda yake tsaye.

Akwai manhajar Nikon ta kyauta mai suna NX Studio, wadda take nuna maka a kan hoton inda ɗigon fokas ya sauka. Ranar da na fara buɗe hotunana a cikinta na ji kunya, domin jan akwatin yana kan ƙaya, yana kan ganye, yana kan bayan furen, ko'ina ban da inda na rantse na sa shi.

Iska kuwa sai haƙuri. Takan zo ne tana ɗaukewa, kuma idan ka zuba wa reshe ido za ka ga yana da ɗan lokacin da yake tsayawa kafin ya sake kaɗawa. A wannan ɗan tsakanin ake ɗauka. Wani lokaci nakan sa ɗana ya tsaya ta inda iskar take fitowa ya buɗe sallaya, ya zama mata katanga.

Ɗan Mai Wurno, Riyad

Salamu alaikum jama'a. Alhaji da Hajiya sun gama magana, ni tsintar abin da ya zube zan yi. Malam, ina da tambaya guda da ban ga an yi maka ba: ka tabbata lensinka yana da VR, wato abin hana girgiza? Ina tambaya ne saboda 70-300 samfurin AF-P da ake haɗawa da waɗannan kyamarori iri biyu ne, akwai mai VR akwai marar shi, kuma kamarsu ɗaya, babu wani makunni a jikin ko wannensu da zai nuna maka. Sai ka karanta rubutun da ke jikin lensin. Idan mai VR ne, daga cikin jerin saitin kyamara ake kunna shi. D5600 ba ta da abin hana girgiza a jikinta, don haka idan lensin ba shi da shi, to ba ka da shi ke nan. Ko yana da shi ma, hannunka kawai yake tsayarwa. Zai iya ba ka damar ɗaukar kurciyar da ta lafe a 1/125, amma ba zai hana tumair kaɗa kai ba.

Abu na biyu shi ne iskar da ke tsakaninka da tsuntsun, wadda mu mazauna ƙasashen zafi ya kamata mu fi kowa saninta. Ina yaro a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, idan shamuwa ta iso gabanin damina mukan hange ta can a fili da rana tsaka, ƙafafunta suna rawa kamar a cikin ruwa. Kawalwalniya ce, zafin ƙasa ne yake tashi yana murɗa haske. Dogon lensi yana tattaro wannan rawar duka ya zuba a hoto. A nan Riyad na sha zuwa Wadi Hanifa da Ha'ir wurin zalɓe da balbela, kuma na gane cewa a watannin zafi, daga ƙarfe tara na safe, duk tsuntsun da ya wuce mita talatin ko arba'in a kan fili na haƙura da shi. Na taɓa kafa kyamara a kan sanda, shota 1/2000, fokas daidai, amma hoton ya fito kamar zanen da ruwa ya taɓa. Alamarsa ita ce babu inda ya fita tar, kuma layukan da ya kamata su miƙe, irin su turken waya ko karan ciyawa, sai ka ga sun yi ɗan lanƙwashe-lanƙwashe. Maganinsa kusanci ne da sammako. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, sai ka sa tufafi marasa haske, ka zauna wuri guda, tsuntsun ya saba da kai ya matso da kansa. A Hada da safe ba na jin wannan ya dame ka, saboda tsaunin yana da sanyi, amma ranar da ka sauko Makka ko Jidda za ka gamu da shi.

Haka nan idan kana ɗauka ta tagar mota, ka kashe injin ka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya iska. Injin yana girgiza motar, sanyin da ke fita ta tagar kuma yana cakuɗuwa da zafin waje a daidai bakin lensin. A Jidda akwai ƙari, domin idan ka fito da kyamara daga mota mai sanyi zuwa cikin laimar teku, gilashin yakan yi gumi nan take, sai ka ba shi mintoci ya sha iska. Alhaji ya fi ni sanin wannan.

Ka kuma duba bakin lensin ko akwai filta a ɗaure. Masu sayarwa sukan ɗaura mai araha don kare gilashi daga ƙura, kuma a ƙaramin lensi ba a ganin illarta, amma a 300 filta marar kyau tana iya dusashe hoto gaba ɗaya.

Idan kana son ka wanke lensin ko ka kama shi da laifi, ga gwajin da nake yi. Ka manna shafin jarida a bango inda rana take, ka ja baya kamar mita shida, ka ɗora kyamarar a kan tebur bisa ƙaramin buhun shinkafa don kada ta motsa, ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa biyu. Ka ɗauki ɗaya da filta, ɗaya babu, ɗaya a f/6.3, ɗaya a f/8. Sannan ka ɗauki ɗaya da fokas ta tagar leƙawa, ɗaya da fokas ta allon baya, domin hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne, kuma idan na allon ya fita tar na tagar bai fita ba a kowane gwaji, to kayan suna bukatar mai gyara. Bayan haka ka ɗauki kyamarar a hannu, ka sake ɗaukar jaridar daga 1/60 har zuwa 1/1000, biyar-biyar a kowane mataki. A nan za ka san iyakar hannunka kai kanka, domin hannu ya bambanta, kuma nawa ma bayan shayi uku ba irin na kafin shayi ba ne.

Ɗan Jarwal, Makka

Baba, Yaya Maman Ridwan, Malam Ɗan Mai Wurno, Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya jiƙan magabata. Na yi shiru kwana biyu ne saboda ina son in dawo da sakamako.

Na fara da karanta jikin lensin, kuma babu VR a ko'ina. Wata biyar ina zaton yana da shi. Akwai kuma filta a bakinsa, wadda ban ma san ana cire ta ba, ko suna babu a jikinta. Jiya bayan la'asar na hau saman gidanmu na manna jarida a bangon tankin ruwa. A kan buhun shinkafa, babu filta, a f/8, ina karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan talla ɗaya bayan ɗaya. Da filtar kuwa baƙaƙen suna nan, amma kamar an hura musu hayaƙi. Tsakanin fokas na taga da na allo ban ga bambanci ba, saboda haka lensin ya fita daga zargi. Da na ɗauka a hannu, a 1/60 babu ko ɗaya cikin biyar da ya fita, a 1/250 biyu suka fita, a 1/500 huɗu, a 1/1000 duka biyar. Baba, ashe gorar da kuka faɗa ce a hannuna.

Na kuma zauna na rarraba hotunan Hada kamar yadda kuka ce. Mafi yawansu girgizar hannu ce. Na bulbul kusan duka fokas ne ya sauka a ganyen gaba, kamar yadda Yaya ta faɗa tun ba ta gani ba. Akwai guda ɗaya na alhudahuda da ya ba ni haushi ya kuma ba ni dariya, domin tsakuwar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta fita tar har ana ƙirga ta, kansa kuwa ya zama inuwa saboda ya kai sara ƙasa a daidai lokacin.

Yau da safe na gwada a kan kurciyoyin da ke sauka a katangar maƙwabta, da M, 1/1000, f/8, ɗigo guda a ido, AF-C. ISO ya hau har 2200 kafin rana ta ɗago. Akwai tsaki-tsaki a inuwar bango, amma a karon farko na ga ɗigon baƙin da ke wuyan kurciya ɗaya-ɗaya. Tambayar da ta rage mini ita ce, tunda nawa ba shi da VR, ko ya dace in sayar in sayi mai shi?

Baban Sumayya, Jidda

Madalla, ɗana. Idan tsuntsaye ne gabanka, kada ka yi gaggawa, domin a 1/1000 zuwa sama aikin VR kaɗan ne, sai dai yana tsayar maka da hoton a tagar leƙawa, ɗora ɗigo a ido ya yi sauƙi. Inda za ka ji rashinsa shi ne furen asuba da iska ba ta kaɗa shi. Wannan kuwa sanda mai ƙafa ɗaya tana rage shi da kuɗi kaɗan, ba ta cin wuri a gonar mutane, kuma tana naɗewa ta shiga jaka. Idan wata rana ka samu mai VR a farashin da canjin ba zai yi maka ciwo ba, ka canza.

Wardi bai wuce 'yan makonni a shekara ba, saboda haka ka koma Hada wannan Asabar ɗin kafin a gama tsinka. Ka bar furen sai rana ta haura kan dutse, ka fara da alhudahudan bakin kwalbati, ka kuma ɗora mana guda uku a nan tare da lambobinsu, har da wanda bai yi kyau ba.